Lotsewar Ƙofar Dama

In dai ina raye da hankalina, ba zan manta da ranar da aka sauke tsohuwar motar Babanmu a ƙofar gidanmu na Durun ba. Shekaru sun ja, amma har yau in tirela ɗauke da motoci ta wuce ta gaban shagona a Gwarzo, sai na bi ta da kallo, wani lokaci har in yi murmushi ni kaɗai.

Bari in fara da faɗin halina, kada a ce na ɓoye. Ni mutum ne mai son a ce. Taki da maganin feshi nake sayarwa, rufin asiri daidai gwargwado, amma in ka ga karin gugar rigata ranar Juma'a sai ka rantse kwangila nake yi. Ni ne kuma ɗan fari a gidanmu, saboda haka tsakanina da Baba sai gaisuwa. Bai taɓa kama sunana ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce "wancan na Gwarzo", ko da kuwa ina durƙushe a gabansa. Haka na tashi na tarar, na san kunya ce irin ta manya, amma can ƙasan raina nakan tambayi kaina ko ina da wani matsayi a wurinsa.

Baba ya daɗe yana fataucin goro a Badun da wata shuɗiyar akori-kura wadda ta girme ni. Da ƙarfi ya ƙare zai dawo gida, injinta ya riga ya buga, sai ya bar ta a gidan wani amininsa. Ta fi shekara goma a can. A tsakanin nan Inna ta rasu, idon Baba kuma ya yi rauni har sai dishi-dishi yake gani. Ana nan wata kaka, 'ya'yan aminin nasa suka bugo waya, suka ce an sayar da gidan, sabon mai shi ya ba da mako biyu a kwashe komai, in ba a ɗauke motar ba 'yan gwangwan za su sassare ta. Ƙanwata ce ta kai wa Baba labarin. Ta ce da ya ji, sai ya ce, "Da dai na sa hannu a jikinta sau ɗaya kafin a sare ta." Ranar ko tuwo bai ci ba.

Da ta gaya mini, na ce to, ga inda zan nuna ni ne babba. Wani abokin cinikina ya kwatanta mini wani kamfani a Kano da ke ɗauko motoci daga kudu. Na je da babbar riga, kamar mai shirin ɗauko sabuwa fil. Wata Hajiya ce a kan tebur, ta yi ta tambaya tana cike takarda, har ta zo kan sunan wanda zai karɓi motar. Ina ni ina sa sunana a kan motar mahaifina yana raye? Na ce a rubuta sunan Baba, a rubuta Durun.

"Malam, ka gane dai ko?" in ji ta. "Wanda aka rubuta, shi kaɗai muke miƙa wa, a wurin da aka rubuta."

"Na gane, Hajiya," na ce, ina gyara zaman hula. Ashe ban gane komai ba.

Kafin mota ta taso daga Badun, na riga na cika majalisa da labari. Daga Gwarzo har Kabo babu wanda bai ji cewa zan ɗauko wa Baba motarsa ta kamfani ba. Sai ga hotuna sun fara shigowa wayata, domin ƙa'idarsu ce kafin su ɗora mota sai sun ɗauki hoton kowane tabo sun rubuta shi a takarda. Da na buɗe, sai na ga motar da nake tunawa tana sheƙi ta koma kalar toka, tsatsa ta ci bayanta, gilashi ya tsage, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. Ga wata muguwar lotsewa a ƙofar dama, wadda tun ina yaro nake ganinta ban taɓa tambayar dalilinta ba. Nan take na ƙulla shawara: in ta iso Kano, a wuce da ita wurin mai gyaran jikin mota, a bubbuge ta, a yi mata fenti, sannan ta shiga Durun da mutuncinta. A ganina ba a kai wa babba abu a wulaƙance.

Ranar da ta iso na je harabar kamfanin. Ga tirela mai hawa biyu cike da motocin Kwatano suna walƙiya, ga tamu can baya a takure kamar tsohuwar akuya cikin ragunan layya. Tirela ba za ta iya shiga hanyar ƙauyenmu ba, don haka aka mai da motar kan wata ƙaramar janwe ta kamfanin. Direbanta wani dattijo ne Bakatsine, mai sanyin magana, goro ya rina masa haƙora. Muka gaisa, na tambayi hanya, na tambayi iyali, sannan na ja shi gefe na karanta masa shirina.

"Alhaji, ka yi haƙuri," ya ce. "Yadda muka ɗauko, haka muke saukewa."

"Ni fa na ɗauke ku aikin nan!"

"Kai ka ɗauke mu, gaskiya ne, amma ba sunanka ne a takarda ba. Buga wa tsohon waya. In ya ce a kai wa mai fenti, yanzu Hajiya za ta canza."

Da wane baki zan buga wa Baba in ce motarsa ba ta kai a shiga da ita gari ba? Na yi magiya, na yi faɗa, na koma wurin Hajiya ta maimaita mini abin da ta faɗa tun farko. Har na dunƙula wa dattijon na goro, ya mayar mini da hannuna cikin ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Na ce to a rufe ta da tamfol, ya ce ba su zo da shi ba. Haka na shiga gaba kusa da shi ina cika ina batsewa. Tun daga Kano har muka ratse hanyar Kabo, shi dai sai yaba dawar bana yake yi, yana nuna mini gonakin da aka fara yanka.

Mun shiga Durun daidai an fito daga sallar la'asar, kamar da gangan. Kafin a kwance sarƙoƙi ƙofar gida ta cika. Wani taubashina ya zagaya ta sau ɗaya, ya riƙe haɓa ya ce, "Wannan ce motar da ka hana mu sakat a kanta? Ai da a buhu ka zubo ta, ka huta." Aka bushe da dariya. Ni dai ji na yi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai ga Baba ya fito daga zaure yana dogara sanda. Dattijon direban ya durƙusa, suka yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Baba, ƙa'idarmu ce mu zagaya tare, in karanta maka duk tabon da aka rubuta a Badun, ka tabbatar ba mu ƙara ba, ba mu rage ba."

"Ido dai babu," in ji Baba, "amma hannu yana nan. Bismillah."

Ya jingine sandar, ya ɗora tafinsa a kan motar. Dattijon yana karantawa, Baba yana lalubawa. Tsagewar gilashi, ya ce dutse ne a hanyar Kwantagora. Karcewa a baya, ya ce wurin lodin goro ne, har ya faɗi irin ruwan da ake yi ranar. Kowane tabo da labarinsa. Sannu a hankali dariya ta mutu, mutane suka matso suna saurare.

"Sai lotsewa mai zurfi a ƙofar..."

Kafin ya rufe baki hannun Baba ya riga ya isa wurin. Ya dunƙula shi ya sa cikin lotsewar, ya tsaya cik.

"Alhamdu lillahi. Tana nan."

Ya juya wajen direban, ba wajena ba. "Malam, wannan sukan ƙahon bajimi ne. Da damina ne, na zo gida noma, mai ɗakina tana naƙudar fari, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na sa ta a kujerar nan na nufi asibitin Gwarzo. Muka yi kiciɓis da garke a hanya, wani bajimi ya kawo suka daidai inda take zaune. Da ƙofar nan ta huje, da biyu na rasa a ranar. Kafin azahar ta sauka lafiya, aka samu wani yaro. Masu gyara a Badun sun yi ta bina su buge ta, na ce duk wanda ya taɓa mini ita ban yafe ba."

Dattijon ya saci kallona, sannan ya ce, "Yaron ya rayu kuwa, Baba?"

"Ya rayu. Yana nan Gwarzo yana sayar da taki. Shi ya sa aka kawo ta." Bai cire hannunsa daga cikin lotsewar ba. "Allah ya yi masa albarka."

Jama'a suka amsa da amin. Ni kam na kasa. Na zagaya bayan janwe, na sa hannun babbar rigar nan da ta sha guga na share fuskata. Shekara arba'in da ɗoriya ina neman sanin matsayina a wurin wannan bawan Allah, ashe amsar tana jikin ƙofa, ni kuma har da ba da na goro don a buge ta da guduma.

Baba ya dangwala yatsa a takarda, aka fito wa baƙo da fura. Da zai tafi na raka shi bakin mota, na rasa ta inda zan fara ba shi haƙuri. Bai bari na fara ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, in har yanzu kana so, na san wani mai fenti gwani a Kano." Muka yi dariya har sai da ya yi tari.

Motar tana nan a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ba ta motsi, ba ta da niyyar motsi. Da hantsi Baba kan shiga ya zauna yana jan carbi, in na zo gaishe shi a can nake samunsa. Har yanzu "wancan na Gwarzo" nake, kuma yanzu sunan daɗi yake mini.

Abin da na koya shi ne, amana ba ta wuce ka sauke abu yadda ka ɗauko shi, a hannun mai shi ba. Kuma tun daga ranar, in na ga tabo a jikin kayan wani, ba na saurin neman mai gyara. Sai na fara tambayar mai abin yadda aka yi ya same shi.