Tashar da Babu Mai Tambaya

A Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Tun da na yi wayo hannuna ke kan aljihun iƙama, katin izinin zama na baƙi. Ko burodi zan saya a kasuwar Bab Makka sai na shafa ta.

Shekarar da masana'antarmu ta sayi injin kwali daga Japan, ni kafili, ubangidan da ya tsaya mini a wajen hukuma, ya tura can in koyo gyaransa. Ya ja mini kunne: "Kada ka haɗa ni da hukuma. Ka yi kuskure, halas, shi ke nan, ba kai ba aiki."

Jirgin ƙasa ya sauke ni a wata 'yar tasha tsakiyar gonakin shinkafa. Benci, rumfa, sai wani akwatin ƙarfe a bakin ƙofa, ƙofar kuwa a buɗe, ba kowa. Ga rufin kamfanin da ya ƙera injin can ina hange, ana jirana. Amma wa zan miƙa wa tikiti? Na ce a raina, wannan tarko ne. Ni za a yi wa wayo in fita ba izini?

Na zauna da fasfo da iƙama da tikiti a hannu kamar mai jiran likita. Manyan jirage na wucewa fuu, ba mai tsayawa. Na yi gyaran murya. Na yi sallama, da Larabci kuma, don Allah ji shirme! Har ƙofar banɗaki na ƙwanƙwasa ko jami'in na ciki. Lokacin da aka ba ni ya wuce ina nan zaune.

Can wani ƙaramin jirgi ya tsaya, wata tsohuwa ta sauko da kwandon kabeji. Ta jefa tikitinta a akwatin, ta yi gaba abinta. Shi ke nan fa! Na bi ta sumui-sumui. Wallahi kafin in jefa nawa sai da na ɗaga wa akwatin iƙamata. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

A kamfani suka zaci ɓata na yi, na bar su a haka.

Da na dawo na ba da labari a gida, ƙannena har da riƙe ciki. Umma kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Yanzu ba wanda ya tambaye ka kai ɗan ina ne?"

"Ko mutum ɗaya, Umma."



"Ko ni ce zaman zan yi," ta ce, hannunta na laluben jakar da tata iƙamar ke ciki.