Layin da na bari ba komai

Shekarun baya, ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare a Zango, malaminmu na Turanci ya shigo da darasin kalmomin da ake kawo dalili da su, irin su because da since. Ya ce duk inda muka ajiye ɗaya daga cikinsu, to dole dalili ya biyo baya. Ya rubuta rabin jimloli biyar a allo, ya ce mu ƙarasa a gida.

Huɗun farko ko minti goma ban yi ba na gama da su, don a lokacin ji nake duk Zango ba mai Turancina. Ta biyar ce ta tsayar da ni. Ma'anarta ita ce: mahaifiyata tana sona saboda...

Ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Ke" take ce min, idan kuma da mutane, "yarinyar can". Ba ma cin abinci kwano ɗaya, ba ta yi min kitso, a ɗakin kakata ma nake kwana. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba sai ranar. Na zauna da biro a hannu ina duba ta tana yi wa ƙanwata kitso suna dariya, sai na ji tsoro ya kama ni: anya ma tana sona?

Haka na kai littafin, layin nan ba komai. Malam ya ja jan biro a wurin, ya ce, "Ke da bakinki ba ya shiru, yau dalili ɗaya ya gagare ki?"

Abin ya tsaya min a rai. Na zama mai "me ya sa" a gidanmu, har awaki sai da na tambayi dalilin ɗaure su da damina. Da na gama kewaye-kewayena, wata rana da la'asar na sami kakata tana ɓarar gyaɗa.

Na ce, "Iya, me ya sa Inna ba ta sona?"

Ta ajiye ƙwaryar. "Bokon ne ya koya miki wannan rashin ta-idon? Ɗan fari ai kunyarsa ake ji, 'yar nan. Ni ma ubanki kin taɓa ji na kama sunansa?"

Na ce wannan ba dalili ba ne, malam ba zai karɓa ba.

Ta yi dariya har da tari. "To uwar bincike. Atamfar sallar da nake ba ki duk shekara, ni da ƙafata ba ta kai ni ko bakin titi, a ina na saya? Ƙwan da kike samu a ƙarƙashin tuwonki, kaza gare ni? Ranar kasuwar Mai'adua uwarki ke ba da sautu, ta kawo min a ɓoye ta ce kar in faɗa. Ni 'yar aike ce kawai."

Washegari na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe. Na durƙusa na ce, "Inna, na gode da atamfa." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri." Amma na ga rariyar ta tsaya a hannunta.

Yanzu ni ma na haihu, ina zaune a Daura, kuma abin dariya, a gaban surukata harshena nauyi yake yi wajen kiran sunan babban ɗana. Na gane akwai son da ba ya iya faɗin dalilinsa, kuma har yau idan na tuna tambayar da na yi, kunya nake ji.

Inna dai ba ta canza ba. Idan na buga waya, "Ke ce?" kawai take cewa, ta miƙa wa ƙanwata. Ƙanwar tawa ce ta tsegunta min cewa da ta miƙa, sai ta matso kusa ta kafa kunne, ba ta tashi sai na kashe.