Kifi Biyu da Furen da Ba Nasu Ba

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina bandar kifi a Haɗejiya, maigidana yana kamowa ina kyafewa. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, ragon ruwa, ko idona a rufe yake in na taɓa na san wanne ne. Ban taɓa zaton kifi zai sa ni kuka ba. 'Yata ta biyu, malamar makaranta, ita take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Shekara biyu kafin maigidan nawa, Malam, ya rasu ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da ke bin ruwa har Kirikasamma in ambaliya ta sauka, sai ga shi ko zaure ba ya kaiwa sai an riƙe shi. Harshensa ma ya yi nauyi. Autanmu da ke aiki a Legas ya zo da babbar Sallah, ya ga uban yana kallon bango, ya koma, bayan wata guda sai ga shi da mota cike da kaya: akwatin gilas mai tsawon tabarmar sallah, farin yashi, duwatsu masu huda-huda, famfo, fitila, da bokitin wani gishiri da ya ce ba na miya ba ne. Ya ƙara batir a kan solar gidan. Ya haɗa ruwa, ya ce a bar shi ya kwanta na wasu makonni. Na ce, "Kogi yana bayan gari, kai kuma ka zo kana dama mana teku a ɗaki?"

Da ya sake dawowa ya zo da kifi biyu, kowanne bai fi babban yatsa ba, launin lemo da farar ɗamara uku. Babbar ita ce macen, in ji shi. Ya kuma zo da wani abu da ya kira furen teku, fari, mai dogayen yatsu suna lilo a ruwa. Ba fure ba ne, dabba ce, da baki a tsakiya, ana ba ta tsokar kifi ta haɗiye. Yatsun nan suna harbi. Auta ya nuna mana a waya yadda irin kifin nan ke shiga cikin yatsun yana birgima kamar yaro a katifa, harbin ba ya yi masa komai.

"Baba, nan ne gidansu. Kwana kaɗan za ka ga sun shiga."

Kwana kaɗan ya zama wata, wata ya zama shekara. Ba su shiga ba. Suna can kusurwa kusa da famfo, furen yana nan tsakiya shi kaɗai. Ni ce mai ɗawainiyar: in ruwa ya ragu in ƙara tataccen ruwa mara gishiri, in goge gilas, da bazara in sa ƙanƙara a leda in saka a ciki don kada zafi ya dafa su. Duk wannan, kifin ko kallon furen ba sa yi.

Malam yana wuni a gaban akwatin. Wata rana ya sa 'yar tawa ta sake kunna masa hoton wayar, ya kalla, ya kalli akwatin, ya kalli wayar. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna yatsun furen.

"Ba shi ba ne," ya ce, da ƙyar.

"Mene ne ba shi ba, Malam?"

"Ba gidansu ba."

Na ce, "To, Sarkin Ruwa, yau kuma har teku ka sani? Kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba." Ya yi dariya da rabin bakinsa, ya sake faɗa. Na ɗauka ciwo ne ke sa shi maimaita magana. Na gyara masa matashi na tafi na ɗora tuwo.

Ya rasu da sanyin safiya, ranar wata Laraba, Allah ya jiƙansa. Na shiga takaba. 'Yan gaisuwa suka watse, aka bar ni da ɗaki da akwatin nan, wata huɗu da kwana goma. In na idar da sallah sai in zauna inda yake zama. Abin da ya jira bai gani ba, na ce ni sai na gani a madadinsa. Na yi musu magana. Na zuba abincinsu daidai kan furen, su fizga su gudu. Na jingina wayar 'yata a jikin gilas ko za su ga 'yan'uwansu su yi koyi. Wani lokaci takaici ya sa in ce musu, "Ku kam wace irin tsiya ce da ku? An yi muku gida kun zaɓi bakin famfo."

To ni na yi kiwon tattabaru tun ina amarya. In ka sayo sababbi, kulle su kake yi a ɗakinsu kwana bakwai, in ka buɗe sun saba, ba sa tafiya. Kaza ma in ta ƙi kwanci akan kife ta da kwando a kan ƙwai. Na ce ai kifin nan rashin sabo ne ke damunsu. Ban tambayi kowa ba. Bayan azahar na wanke ƙaramin kwandon roba na tsane shinkafa, na kamo macen da 'yar komar da Auta ya bari, na kife ta tare da furen, na ɗora dutse a kai. Na ga tana ta bugun kwandon. Na ce haka tattabara ma take yi ranar farko. Na tafi na kishingiɗa.

Da na tashi la'asar na ɗaga kwandon, tana manne a cikin yatsun, sun naɗe ta. Na sa hannu na ciro ta, furen ya harbe ni a bayan hannu kamar na shafa barkono. Jikinta duk ya yi fari-fari, tana iyo a karkace. Kafin magariba ta mutu. Kifi nawa na fasa wa ciki a rayuwata, ban san adadi ba, amma wannan na riƙe ta a tafin hannu na yi kuka har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

'Yata ta ɗauki hoton furen ta sama da ta gindi ta aika wa Auta, shi kuma ya kai wa wani da ya san harkar. Washegari ya kira.

"Inna, mai shagon da ya sayar mini da furen ne ya cuce mu. Kin ga namu yatsunsa sirara ne, bakinsu launin shanshanbale, gindinsa ja? Wannan daga wani teku daban yake, inda babu irin kifin nan sam. Ba su san juna ba. Na cikin waya kan yatsunsa a kumbure yake kamar ƙwayar carbi, shi ne suke yarda da shi. Kuma ko shi ɗin, da kansu suke shiga, a hankali, suna gogawa suna janyewa har jikinsu ya saba. Ba a tura su."

Na ce, "Ubanka ya faɗa."

"Ya faɗa?"

"Ya faɗa, sau biyu. Yatsun yake nuna mini."

Muka yi sallama, na ajiye wayar.

Abin da ke cina ke nan har yau. Mutumin nan ya san kifin da ke kwana a gindin ciyawar kacalla da wanda ke bin ciyawar burugu, ya san ramin gaiwa a busasshiyar fadama da ido kawai. Da rabin jiki da rabin harshe ya gano abin da mai shago bai gano ba, ni kuma da na kwana na tashi da shi shekara arba'in na mayar da shi abin zolaya na tafi ɗora tuwo.

Auta ya ce zai aiko da furen da ya dace da wata macen. Na ce a kwashe wannan farin dai tukuna, kada a aiko mini da komai. 'Yata ta kai shi Kano wurin wani mai irin akwatin. Namijin yana nan shi kaɗai, kusa da famfonsa. Ina ba shi abinci safe da yamma, ina ƙara masa ruwa, kuma ban sake cewa ya matsa daga wurin ba.