Muryar Inna a Rediyon Mota

Na gyara rediyo da kaset da lasifika waɗanda ban san adadinsu ba a rumfata da ke bakin tashar Gummi, mafi yawansu ma kafin mai su ya sha kwana na manta da su. Amma akwai aiki guda da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Duk ranar da na tuna shi sai in ji kaina ya ɗan ƙara girma, kuma ba na ɓoyewa, ina alfahari da shi.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shiga ƙauyukanmu ba. Direbobi kuma sun shiga yayin cire tsohon rediyon mota su sa sabo mai cin faifai, a haɗa masa amfilifaya, a jera manyan lasifiku a baya. In motar haya ta taso daga Anka, kafin ka hango ta ka riga ka ji ta. Ni kuwa kasuwa ta buɗe mini, kullum kaina yana ƙarƙashin sitiyarin wani.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani direba, tsarana ne, mutumin wani ƙauye a yankin Gwashi. Allah ya yi shi da son kiɗa, in kalangu ya ɗauka har sitiyari yake bugawa. Wata rana ya dawo daga Sakkwato da sabon rediyo a kwali, irin wanda ake haɗawa da salula, in an kira ka sai ka danna maɓalli ɗaya, kiɗa ya ɗauke da kansa, muryar mai kira ta fito ta lasifika, kai kuma ka yi magana ta ɗan makirfo hannunka yana kan tuƙi. Ba don burga kaɗai ya saye shi ba. Watanni kafin nan ya taɓa faɗawa gona da fasinja, waya a kunne, yana kauce wa shanu. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma mahaifiyarsa, Inna, ta sa ya yi mata alkawarin ba zai ƙara riƙe waya yana tuƙi ba.

Na ɗaura masa rediyon yadda ya kamata. Makirfo sama da madubi, amfilifaya ƙarƙashin kujera. Na koma bakin rumfa na kira shi da wayata, muryata ta fito kamar ta mai shela. Ya tafi yana washe baki.

Bayan mako biyu sai ga shi, fuska ba annuri.

"Mai rediyo, abin ga naka ya lalace."

Na ce, "Nawa ko naka? Kai kas sawo shi."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kiɗi kam lahiya lau. Amma in anka kira ni, awa mai maganar na cikin rijiya. Inna ta kira ni jiya, wallahi ko kalma guda ban ji ba."

A nan ya ba ni labarin yadda Inna take kiransa. Ƙauyensu babu sabis a cikin gida, sai an hau wani tudu a bayan gari, gindin wata tsamiya. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma duk Juma'a da hantsi sai ta dogara sanda ta hau tudun nan don ta ji muryar ɗanta. Abin da ya fi muni, ita tana jin sa sarai. Tana jin yana cewa "Iye? Ban ji ba," tana jin fasinja suna dariya. Kafin ya sami wurin tsayawa ya raba wayar da rediyon, ta kashe. In ya kira kuma, ta riga ta gangara, layi ba ya shiga.

Na shiga motar na kira shi, na ji muryata can ƙasa-ƙasa. Ban sha wuya ba na gano dalili. Irin waɗannan rediyon murya biyu gare su, ta kiɗa daban, ta kira daban, amma mamurɗi ɗaya ne, wato ɗan abin nan da ake murɗawa a ƙara ko a rage. In kiɗa ke tashi, kiɗa yake juyawa. In kira ne a kan layi, muryar kira yake juyawa, kuma inda ka bar ta nan rediyon zai riƙe har kira na gaba. Tasa tana can ƙarshen ƙasa. Na murɗa ta sama muna kan layi, magana ta dawo ras. Na tambaye shi ko ya taɓa wani abu, ya rantse bai taɓa ba. Na ce to shi ke nan, ƙila girgizar hanya ce. Na sallame shi ina jin kaina gwani.

Asabar da safe ya dawo. Abin ya koma yadda yake.

Nan fa na cire hula na shiga aiki da gaske. Na fara zargin rediyon mantuwa yake yi in an kashe mota, na bi igiyar wutar da ke riƙe masa tunani tun daga batir, na auna da mita, lafiyarta ƙalau. Agogonsa daidai, tashoshin da aka ajiye suna nan. Sai na tuna muryar kira ta lasifikun gaba kawai take fita, ni kuwa na bai wa na baya duk ƙarfin amfilifaya don kiɗa. Na kwance komai, na sake haɗi, na shigar da na gaba cikin amfilifaya su ma. Na kankare tsatsa inda igiya ta kama jikin mota. Na duba muryar salular kanta, na gwada da wata wayar daban. Yini guda cur na yi a motar nan, yatsuna duk ƙunar dalma. Da muka gwada, har mai shayin tsallaken titi sai da ya ɗago kai.

Mako ya tafi lafiya. 'Yan tasha su kira shi ya ji, masu aiko da kaya su kira ya ji. Juma'a ta zo, Inna ta kira, shiru.

Kun san tasha ba a rasa masu fassara. Aka fara cewa ai ba rediyo ba ne, yaron ya saɓa wa uwarsa ne shi ya sa aka toshe masa muryarta. Wasu suka ce aljanun tsamiyar ne suke shaƙe maganar. Ni haushi ya kama ni, don na san ƙarfe ba ya zaɓen murya. Amma shi maganar ta shige shi. Ya tafi har ƙauye ya durƙusa gaban Inna ya yi mata bayani, ya dawo ya zauna a bencina kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Na ce, "Mi tac ce?"

Ya ce, "Cewa tay yi, 'Yan tasha na kira ka ji, masu buhu na kira ka ji, ni ɗai ƙarhen ga yat tsana? Tac ce Juma'a mai zuwa za ta hau tudun, in ban ji ta ba, ta hutar da gwiwunta, ni ma ta hutar da ni."

Idonsa ya kawo ruwa, ƙato da shi. Na ce to ya ajiye motar ranar mana, ya riƙe waya a hannu ya jira ta. Ya girgiza kai ya ce in ya yi haka ya tabbatar mata ke nan cewa motar da ke jin kowa ita ce ba ta ji. Sai ya ce a hankali, "Ko dai na yi mata wani laihi ban sani ba?"

Wannan tambayar ita ta tsaya mini a rai. Na zauna na yi ta juya abin. Na duba rediyo, na duba amfilifaya, na duba lasifika, na duba waya. Abu ɗaya ne ban taɓa gani da idona ba, shi ne lokacin da kiran yake shigowa. Kullum bayan an gama ɓarna ake kawo mini mota.

Ranar Juma'a na rufe rumfa, na shiga gidan gaba na zauna kusa da shi, mita a cinyata. Mota cike da fasinja muka kama hanyar Anka. Kafin mu tashi na kira shi na tabbatar murya tana sama. Muna tafe wani ɗan tasha ya kira shi kan maganar wani buhun gero, ya danna, suka yi ta ihu da juna, kowa yana ji. Kira ya ƙare, kalangu ya dawo. Ni dai idona yana kan fuskar rediyon, don in yau ma abin ya faru a gabana ban gane ba, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Mun wuce mararrabar Bukkuyum da kaɗan wayar ta yi ƙara. Ya saci kallo ya ga mai kira. Nan take na ga mutumin ya sauya. Ya gyara zama, ya ɗan rusuna a kan sitiyari kamar tana tsaye a gabansa, ya danna maɓalli ya ce, "Salamu alaikum, Inna, ina kwana?" Yana faɗa, hannunsa ya tafi da kansa ya kama mamurɗin ya murɗe shi har ƙarshe. Idonsa yana kan hanya. Lambar ƙarfin murya da ke fuskar rediyon ta zube ƙasa ina kallo.

Na cafke hannun nan kamar na kama ɓarawo a kasuwa. Ya firgita har motar ta ɗan karkace. Na ture hannun, na murɗa abin sama, sai muryar tsohuwa ta cika motar, tana haki saboda hawan tudu.

"...in kuwa maganata ta ishe ka, ka hwaɗa min da bakinka, in bar wahal da kaina."

Ya yi sauri ya ce, "Inna, ina jin ki. Wallahi ina jin ki, har numhwashinki ina ji."

Ta ce, "To mi nac ce?"

Ya maimaita mata kalma da kalma. Sai muka ji ta ja dogon numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka ci abinci?" Wata dattijuwa a kujerar baya ta fara share ido da gefen mayafi. Ya gangara gefen hanya ya tsaya, suka gaisa a tsanake, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi labarin akuyarta da ta haihu, ta sa masa albarka har sau uku. Babu fasinjan da ya ce ana ɓata masa lokaci.

Da ta kashe ya juyo ya ce, "Mi kag gyara?"

Na ce, "Ban gyara komi ba. Hannunka na kama."

Ya ce shi fa bai taɓa komai ba. Fasinja suka ce ƙarya kake, mun gani. Ashe da gaskiyarsa yake rantsuwa, bai san yana yi ba. Tun yana yaro aka hore shi, in babba zai yi magana ana rage rediyo. Hannun ya saba, da ya ji Inna sai ya tafi rage kiɗa, alhali sabon rediyon ya riga ya ɗauke kiɗan da kansa, abin da ya rage a ragewa muryarta ce. 'Yan tasha kuwa ba ya rage musu komai, shi ya sa su yake jin su. Duk motar aka bushe da dariya, shi yana dariya yana hawaye.

Saura matsala ɗaya. Na san faɗa da baki ba zai hana hannun da ya shekara talatin yana abu ɗaya ba. Da muka koma Gummi na tono wani mataccen rediyo a kwandon tarkace, na cire mamurɗinsa, na huda gaban motar kusa da sitiyari inda hannu zai fara isa, na ɗaure shi da noti. Ba a haɗa shi da komai ba, juyawa kawai yake yi. Na ce masa, "Ga na Inna nan. In ta kira, ka murɗa shi iya son ranka." Juma'a biyu hannun yana ɓata hanya yana dawowa, ta uku ya kama. Har ya sayar da motar abin yana nan, ya yi sumul saboda murɗawa, direbobi suna leƙowa su gani.

Bayan wata guda ya ajiye mini kwalbar man shanu a kan benci, ya ce Inna ce ta aiko, ta ce a bai wa mai gyaran kunne. An kira ni injiniya, an kira ni gwani, amma babu sunan da ya taɓa yi mini daɗi kamar wannan.

Tun daga ranar, in aka kawo mini abu aka ce ya lalace, ba na saurin ɗaukar sukundireba. Sai in ce wa mai shi ya yi amfani da shi a gabana yadda ya saba, in zuba wa hannunsa ido. Na kuma daina saurin yanke wa mutum hukunci. Duk tasha ta gama cewa mutumin nan ya raina uwarsa, ashe tsabar girmama ta ce ta hana shi jin muryarta.