Sabulun da Ya Karya Wuƙar Kafinta

Shekara talatin Goggo tana haɗa sabulu a rumfar bayan gidanta, da bokitin roba, da muciya, da tsohon akwatin katako da take zuba haɗin a ciki ya daskare. Sabulunta laushi gare shi, ga kumfa, duk layin da shi ake wanki. Ba ta taɓa jin wani ya kushe shi ba sai da ciwon baya ya zaunar da mijinta, tsohon kafinta, a gida.

Mutumin bai iya zama ba. A sati ɗaya ya cire ƙofar kicin ya mayar da ita a karkace, ya rage ƙafar kujera, ya rage sauran ukun don su daidaita, har kujerar ta koma ta tsuguno. Da Goggo ta ga ya fara kewaya gadonta da zarto, sai ta miƙa masa sandar sabulu da 'yar wuƙa.

"Malam, ga wannan, ka sassaƙa abin da ka ga dama. Ka dai ƙyale mini gado."

Ya sassaƙa zakara. Kafin rana ta yi sanyi wuyan zakaran ya lanƙwashe, bakinsa ya kwanta a ƙirji.

"Sabulun nan naki ba shi da ƙashi," in ji shi.

Maganar ta tsaya wa Goggo a rai. Washegari ta rage ruwa, ta ƙara kitse, ta watsa gishiri. Gishirin ya yi yawa, sabulun ya riƙa marmashewa a hannu. Ta sake haɗi, ta sake. Na huɗun ta jera shi a kan kantar katako sati shida, tana juya shi kullum, ta hana kowa taɓawa.

Ranar da Malam ya sa masa wuƙa, tsininta ya karye. Ya dubi wuƙar, ya dubi matarsa, ya ce, "Yauwa, yanzu kika yi sabulu!"

Maƙwabciyarta kuwa, da aka ba ta ɗaya ta gwada, sai ga ta tana ɗingishi. "Goggo, kwana huɗu ina goga abin nan ko kumfa babu. Yau ya suɓuce ya faɗo mini a yatsa."

Daga nan Goggo ta koma haɗi biyu, na wanki da na Malam. Shi kuma ya shafe sati biyu yana ɓoye wani aiki a ƙarƙashin tawul. Ranar da 'yarsu ta zo gaishe su ya yaye.

"Kai Baba, mujiyar nan ta yi kyau!"

"Uwarki ce," ya ce a hankali.

Goggo ta ɗaga abin ta duba. Hancin kaɗai ya cinye rabin fuskar. Ta yi godiya, ta ajiye shi a bakin taga, can gefen da feshin ruwan sama yake shigowa.

Da aka yi ruwa uku masu ƙarfi, hancin ya zaizaye, kumatun suka yi sumul. Malam ya gani, ya ɗauko wuƙa zai gyara, Goggo ta riƙe masa hannu.

"Kul ka taɓa. Sai yanzu ta fara kama da ni."