Gadar da Na Rubuta Gyaɗa

An haye, Malam Isyaku! 'Yata Najiba ta haye gadarka jiya da hantsi, ta haifi namiji a asibiti, uwa da ɗa lafiya lau!

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni jama'a, murna ta riga gaisuwa. Ranar Laraba, bakwai ga Oktoba, Allah ya karɓi ran Malam Isyaku na Dayi, ɗaya daga cikin masu ba Shugaban Ƙasa shawara kan karkara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, kai ka damƙa mini fensir a ajin yamma ina da shekara hamsin. Da aka kira ka Abuja, muka ɗauka ko me ka faɗa an gama. Ka ce, "Shawara nake bayarwa, Baba Ayuba. Sai takarda ta bi hukuma-hukuma. Ka rubuto da hannunka."

Ina da dalilin rubutawa. Cikin Najiba na fari, a bakin rafinmu ya zube muna jiran ruwa ya janye. Na zauna na rubuta buƙatarmu, amma maimakon gada sai na sa gyaɗa. Takarda ta zarce hukumar iri. Bayan wata huɗu sai ga mota da buhu arba'in!

Gari ya yi ta dariya, ni ko na daina fita masallacin ƙofar gida. Sai ka taso takanas, ka zauna a tabarmata kana share hawayen dariya. "Baba, gwamnati ta amsa abin da ka tambaya. Goge kalmar nan, mu sake." Ka ce mu shuka gyaɗar a hayin rafi, domin gonaki su zama hujja. Shekara uku kana yawo da takardata daga ofis zuwa ofis, har da ciwo a jikinka.

An buɗe gada kwana tara bayan rasuwarka. Ba ka taka ta ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haye da kai siraɗi cikin sauƙi. Hajiya Raudatu da yara, Allah ya ba ku haƙuri.

Ranar Asabar suna, kuma Isyaku za a raɗa masa. Kowa ya zo ya gani! Ku biyo ta kan gada. Akwai gyaɗa, ta ishi kowa.