Fuskar Baba da Na Sauya

Laifina ne, ba na kamara ba. Na daɗe ina ɗora mata, don ba ta da bakin kare kanta.

A shekarar da nake koyon harkar fim a Kano, aka ce kowane ɗalibi ya kawo aikin minti biyar. Na aro kamara na hau mota zuwa Ƙaraye, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Kafin Dafga. Lokacin cirar gyaɗa ne. Baba bai so ba, don bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba sai ranar yin katin zaɓe. Da na nace, ya ce in yi abina, kada dai in tsayar masa da aiki. Na ɗauke shi yana karkaɗe ƙasa daga gyaɗar, gumi na bin wuyansa. Baba baƙi ne wuluk, irin baƙin da ke sheƙi a rana, gemunsa kuma ja ne saboda lallen da yake sa masa.

Da na koma, muka shiga darasin gyaran kala. A kwamfuta akwai da'ira uku da ake juyawa, ta duhu, ta tsakiya, da ta haske. Ka taɓa kaɗan, ganye ya ƙara kore, sama ta ƙara shuɗi. Abin ya shiga raina sosai. Malaminmu ya sha gaya mana cewa fatar mutum ita ce ma'auni, ba a sauya ta, kuma ba a goge asalin abin da aka ɗauko. Duka biyun na saɓa.

Wani ɗan ajinmu ne ya leƙo aikina, ya ce tsohon nan sai an kunna masa fitila kafin a gan shi. Aka yi dariya, har da ni. Ban ce mahaifina ne ba. Na zauna na yi ta ɗaga hasken fuskarsa har ya zama wankan tarwaɗa, jan gemun ya koma ruwan ɗorawa. 'Yan aji suka yaba. Kamarar na riga na mayar wa mai ita, kwamfutata kuma ta cika, sai na goge na asalin don in sami wuri.

Kafin damina ta zagayo Baba ya rasu. Zazzaɓin kwana huɗu ne.

Inna na cikin takaba ta ce ta ji na ɗauki Malam a gona, in nuna mata. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika roƙona komai ba. Na miƙa mata waya. Ta kalla har ƙarshe, ta ce in maimaita.

"Muryar dai tasa ce," in ji ta. "Fuskar ce ban san mai ita ba."

Na ce haka kamarar take yi. Ta yarda, har ta sa mini albarka. Tun daga ranar, idan na zo gida sai ta karɓi wayar ta kife a kan tabarma, ta saurari tarinsa da yadda yake ce mini in matsa ina take masa gyaɗa.

Na yi ta ƙoƙarin mayar da shi yadda yake. Duk sanda na rage hasken sai fatar ta fito kamar toka. Malaminmu ya duba ya ce ba na asali, ba gyara.

Bara gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo daga Rogo ta nemi ganin ɗan'uwanta a wayata. Ina bakin ƙofa na ji Inna tana ba ta haƙuri, wai na'urar ce ba ta iya ɗaukar baƙin mutum, yaron ya yi iya ƙoƙarinsa. Ni take karewa, da ƙaryar da na ba ta.

Da gwaggo ta tafi, na shiga na durƙusa.

"Inna, ba kamara ba ce. Ta ɗauke shi daidai, baƙinsa da jan gemunsa. Ni na sauya shi da hannuna, don an yi masa dariya na ji kunya, sannan na goge na gaskiyar. Na raba ki da fuskarsa, na kuma yi miki ƙarya. Ki yafe mini, Inna."